Shiga Masar da karafan da karnuka a lokacin sanyi

A wata hira da muka yi a Jidda bayan Isha, wani ƙanenmu ya ce yana shirin haye Bahar Maliya da motarsa ta karafan, mai ɗakin kwana da madafa, tare da karnukan farautarsa biyu. Ga abin da na tsinto.

Kowa ya yarda hanyar ita ce Yanbu, Umluj, Wajh, sannan Duba, inda jirgin ruwa ke tashi zuwa Safaga, tashar jiragen ruwa a Masar. Zancen bi ta Sawakin, tashar jiragen ruwa a Sudan, kuwa an ajiye shi, tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023.

Maganar karnuka ce ta ci lokaci. Ana buƙatar allurar haukan kare, ƙwayar shaida da ake sa wa a ƙarƙashin fata, takardar lafiya daga likitan dabbobi, da izinin fita daga ma'aikatar noma. Sai wani dattijo ya katse mu: "Ɗana, fita ba wuya, komowa ce aiki." Saudiyya tana tsaurara shigo da kare, don haka a nemi izinin dawowa tun ana gida. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace.

Motar tana buƙatar takardar tiriftik, wato ta izinin shigar da mota wata ƙasa na ɗan lokaci, in ba haka ba kwastan na Masar za su tsare ta. A kuma tambayi masu jirgin inda karnuka za su kwana kafin a yanki tikiti.

Iskar hunturu kan sa a rufe tashar Safaga, saboda haka a ɗauki ƙarin ruwa, abincin karnuka da barguna.