Binciken Jami'a Kan Marasa Galihu: Wa Ke Cin Moriyarsa?

Maganar da aka ɗora a zaure: "Yawancin binciken da jami'o'i ke yi kan talakawa da tsirarun ƙabilu, mai binciken yake ɗaukakawa, waɗanda aka yi binciken a kansu suna nan jiya i yau."

Ɗalibar digiri na biyu: Ni na ɗora maganar, kuma ina nan a kanta. Na taɓa bin wata tawaga aikin tattara bayanai. Wata dattijuwa ta ce mana mu ne rukuni na huɗu da muka tambaye ta yara nawa ne ba sa zuwa makaranta a gidanta, kuma har ranar yaran suna gida. Mu mun samu maki, shugaban tawaga ya samu ƙarin girma. Sakamakon ya fito da Turanci a mujallar da sai an biya kuɗi ake karantawa. Ita ko labari ba a mayar mata ba.

Malamin jami'a: Ƙanwata, abin da kika gani yana faruwa, amma kada ki yi mana kuɗin goro. A ƙarshen shekarun 1990 masana tattalin arziki Michael Kremer da Edward Miguel sun gwada ba 'yan makaranta maganin tsutsar ciki a yammacin Kenya, suka ga fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Daga baya aka ba miliyoyin yara maganin a Kenya da Indiya. An yi ta gardama kan girman tasirin, wannan gaskiya ne, amma 'ya'yan talakawa ne suka sha maganin.

Malamar firamare: Ina bayan Dakta a nan. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi aiki da masu binciken J-PAL, cibiyar binciken yaƙi da talauci wadda aka kafa a jami'ar MIT ta Amurka a 2003. Suka nuna cewa idan aka raba yara bisa abin da suka iya, maimakon ajin da shekarunsu suka kai su, yaron da bai iya haɗa baƙi ba yana tasowa cikin ɗan lokaci. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san yaran nan da ke zaune a baya, shiru, manhaja ta wuce ta bar su.

Ma'aikacin lafiya: Dakta, Allah ya ƙara sani, amma mu tuna Tuskegee. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka tare da Cibiyar Tuskegee, wata kwalejin baƙaƙen fata a jihar Alabama, suka riƙa bibiyar baƙaƙen fata kusan 600, waɗanda 399 daga cikinsu ke da tunjere. An samu fenisilin, maganin da ke warkar da cutar, aka hana su, don a ga yadda cutar ke cin jiki.

Malamin jami'a: Ba mai kare wannan ta'asa. Ita ce ma ta jawo aka tsaurara dokoki, har ya zama babu binciken da ake yi a kan mutum sai kwamitin ɗa'a ya duba, mutumin kuma ya sa hannu.

Ɗalibar digiri na biyu: Malam, da girmamawa, sa hannu bai isa ba. Wajen 1990, bayan dokokin nan, masu bincike na Jami'ar Jihar Arizona suka ɗebi jinin 'yan ƙabilar Havasupai, 'yan asalin ƙasar Amurka, da sunan binciken ciwon suga. Sai aka yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali da asalin inda ƙabilar ta fito, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. Sai a 2010 jami'ar ta biya dala 700,000 ta mayar musu da jininsu. Wanda ya zaɓi tambaya shi ke da binciken. Shi ya sa 'yan ƙabilar San a Afirka ta Kudu suka fitar da nasu ƙa'idojin a 2017: mai son bincike a kansu ya fara neman yardarsu, ya faɗi abin da za su amfana.

Tsohon malami: 'Ya'yana, kun taɓo bakin zaren. Tambayata ita ce su wa ke shiga jami'ar tun farko? A 2012 Barazil ta yi doka cewa rabin guraben jami'o'in tarayya na waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati ne, da kaso na masu ƙaramin ƙarfi da baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar. Amurka kuwa a 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Ni dai hanyar Barazil ta fi kwanta mini. Yaron da ya tashi a cikin matsala ba sai an yi masa tafinta ba idan ya dawo bincike.

Malamar firamare: Baba, gurbin yana da kyau, amma yaron da bai iya karatu a aji uku ba, ba zai kai ƙofar jami'ar ba balle a ware masa kujera.

Malamin jami'a: Ƙanwata, kalmar "yawanci" ce har yanzu ban yarda da ita ba. Amma ɗalibaina na bana, ba wanda zan sa wa hannu sai ya koma ya karanta wa mutanen sakamakonsa da harshensu.

Ɗalibar digiri na biyu: Allah ya saka, Malam. Amma a fara zuwa wurinsu kafin a rubuta tambayoyin.