Albam ɗin mutum biyu mai sanyin kiɗa: me ke hana mai sauraro tsallakewa?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum masana. Mawaƙa biyu ne za su yi albam tare a nan Kano, waƙoƙi takwas, duk masu sanyi, ba na rawar biki ba. Ɗaya muryarsa kauri gare ta, kuma da kansa yake kaɗa gurmi. Ɗayan siririyar murya gare shi, ya saba da kiɗan fiyano irin na fim. An ɗauki guda uku na gwaji an ba mutane sun ji. Kowa ya ce da daɗi, amma tun ta biyu ba ta ƙare ba sai ka ga an kai hannu waya an canza. Ina matsalar take? Gudun kiɗan ne, ko haɗin muryoyin, ko jerin waƙoƙin? Sannan tare ya kamata a ɗauke su a ɗaki ɗaya, ko kowa daban?

Injiniyan Zoo Road

Wa alaikumus salam Malam. Tun ban ji waƙoƙin ba zan iya cewa gudunsu ɗaya ne, kuma a kan maɓalli ɗaya, wato matakin sautin da ake ɗora waƙa a kai, aka gina su. Wannan shi ne ciwon da ya fi kama irin wannan aiki. Mai kiɗa ya samu inda muryoyin biyu suka zauna, sai ya ƙi motsawa daga nan, waƙa uku su zama kamar guda ɗaya mai tsawo.

Sanyin kiɗa faɗi gare shi. Daga bugu 70 zuwa 95 a minti duk sanyi ne. Ku baza waƙoƙin a cikin wannan tazara: ta farko wajen 88, ta biyu 76, ta uku ku ɗaga zuwa 92, haka dai. Kada biyu da ke jere su zo da gudu ɗaya da maɓalli ɗaya. Ƙasa da 70 kuwa sai mai dogon numfashi, domin kowane gaɓa sai an ja shi, kuma a nan ne kuskuren karin harshe ke fitowa fili. A waƙa mai sauri idan karin waƙa ya danne hawa da saukar muryar Hausa, ba kowa zai lura ba. A mai sanyi kowa zai ji kalmar ta karkace, ko an ja gajeren wasali ya koma dogo. Ku sa su karanta baitin da baki tukuna, sannan a ɗora kari a kan yadda maganar ke tafiya.

Batun muryoyi. Kuskure ne a ce kowa ya yi baiti ɗaya, a haɗu a amshi, a maimaita hakan sau takwas. Mai sauraro ya gano dabarar tun a waƙa ta biyu. A wata waƙar mai kaurin murya ya ja gaba, ɗayan ya riƙa karɓar ƙarshen layi kawai. A wata su riƙa musayar layi ɗaɗɗaya. A bar guda ɗaya ma wadda mutum ɗaya ne zai rera, abokinsa gurmi kawai zai kaɗa. Abin da mutane ke so a albam ɗin mutum biyu shi ne su ji kamar hirar dare a teburin mai shayi, ɗaya na magana ɗaya na tanka masa, ba wanda ke neman rufe bakin wani.

Wajen haɗa sauti: ku yanke duk abin da ke ƙasa da 80 zuwa 100 Hz (ma'aunin kauri da sirantar sauti) a muryoyin. Kaurin murya da jikin gurmi suna cin karo a wajen 200 zuwa 400 Hz, shi ke kawo wannan dishi-dishin. A rage wa gurmin kaɗan a nan, a bar wa muryar. Auto-Tune, manhajar da ke gyara murya in ta kauce, kada a ƙure shi irin na waƙar fim. A sassauta saurin gyaransa zuwa 30 ko 40, in ba haka ba duk lanƙwasar da mawaƙi ya yi da gangan zai miƙe ta. Amsa-kuwwa ta daƙiƙa ɗaya da rabi ta isa. In ta wuce biyu kalmomi sun fara nutsewa, kuma Bahaushe in bai ji abin da ake faɗa ba, ya tafi.

Ni a ganina kowa a ɗauke shi daban, ya fi sauƙin gyara.

Baba Makaɗi

Injiniya, na yarda da duk abin da ka faɗa ban da layin ƙarshe. Mai gurmi da ke rera waƙa, hannunsa da bakinsa tare suke numfashi. Ka raba su, ka sa masa ƙarar awon bugu a kunne, sai kiɗan ya sandare. Ɗan jinkirin nan da yake yi kafin ya faɗa kan bugu, shi ne sanyin da ake nema.

A zaunar da su suna fuskantar juna, tazarar mita biyu, kowa da makirufo ɗinsa, bayan kowane makirufo na kallon ɗayan mawaƙin, tunda irin waɗanda ake amfani da su ta gaba suke ji. Baki ya yi nisan taƙi ɗaya da makirufo. Na uku a sa shi wajen ƙwaryar gurmin, a ɗan karkace. Sautin wani zai ɗan shiga na wani, ba laifi, illa dai ba za a iya gyara layi ɗaya shi kaɗai ba. Don haka sai sun yi bita sosai, a ɗauki kowace waƙa sau uku ko huɗu a zaɓi mai rai.

Ku kuma kula da fatar gurmin. Da hunturu takan bushe ta ɗaure, sauti ya hau. Da damina ta saki, ya sauka. Ɗakin da aka kashe fanka mutum uku na ciki, cikin rabin awa ya yi zafi, gurmin ya bar inda aka saita shi. Kafin kowane ɗauka a sake gwada tsirkiya da fiyano. Kuma fiyanon ne zai bi gurmi, ba gurmi zai bi fiyano ba. In za a sa kalangu, a yi masa wuri kaɗan, yana tanka murya a ƙarshen baiti. Ya cika baki in aka sake shi.

Injiniyan Zoo Road

Baba, na sallama, da sharaɗi ɗaya: ɗakin ya zama shiru. Waƙa mai sanyi gibi gare ta da yawa, kuma a gibin nan ake jin janareta da hon ɗin adaidaita sahu. A yi ɗaukan da inbata, da dare ko bayan asuba. In an ji wani gurnani a ƙasa, na wutar lantarki ne, 50 Hz, yawanci daga waya marar kyau ko cajar kwamfuta. A cire cajar a gwada. Bargo mai kauri a bango da katifa a kusurwa sun fi kwalin ƙwai amfani nesa ba kusa ba.

Hajiya Mai Shiri

Ɗan Fagge, ƙanena, ka tambayi kanka a ina za a ji albam ɗin. Yawanci a lasifikar waya ne, ko ƙaramar bulutut, ko iyafis da dare bayan an gama hidima. Lasifikar waya ba ta fitar da ƙasan sauti, don haka waƙar da ta dogara da bes, wato kakkauran sautin nan na ƙasa, za ta zama fanko. Ku gwada kowace waƙa a ƙaramar waya kafin ku ce an gama.

Kada shimfiɗar kiɗa ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 murya ba ta shigo ba. Spotify sai an saurari daƙiƙa 30 yake ƙirga ji ɗaya, mai gabatar da shiri a rediyo ma ba zai jira ba. Tsawon waƙa minti uku zuwa huɗu. Mai tsawo guda ɗaya a ajiye ta ƙarshe. Wadda ta fi kama kunne ta zama ta ɗaya ko ta biyu, mafi motsi ta zo ta huɗu ko ta biyar, lokacin da hankali ya fara tafiya. Jigo ma a sassaɓa. Takwas duk kukan soyayya nauyi ne. A sa ta kewar gida, ta zumunci, ta ɗan barkwanci tsakaninsu.

Wajen kammala sauti kada a matse shi don ya yi ƙara. Spotify da YouTube suna daidaita ƙarfi a wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), wanda ya wuce za a rage shi, ya tashi ba ƙarar ba numfashin.

Malam Lissafi

Kafin a ɗora komai a Audiomack ko YouTube, a rubuta kason kowa waƙa-waƙa: wa ya rubuta baiti, wa ya yi kari, mai kiɗa an biya shi gaba ɗaya ne ko yana da kaso. Kowa ya sa hannu da shaidu biyu. A wajen kamfanin da ke rarraba waƙoƙi a irin su Spotify a sa sunayen biyun a matsayin masu waƙa na asali, domin albam ɗin ya fito a shafin kowannensu. In aka sa ɗaya a matsayin baƙo, masoyansa ba lallai su gan shi a jerin albam ɗinsa ba. Waƙa bakwai zuwa sama ana lissafa ta albam, takwas ɗinku ta wadatar. Ku kuma leƙa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ku ji ƙa'idar da ake kai kan rajistar mawaƙa, musamman in za ku yi wa wata waƙar bidiyo.