Wa ya taɓa shiga yawon bas na kwana ɗaya zuwa tsaunukan Sikotlan? Zan kai Hajiyata

Ummu_Haneef
Salam jama'a, dan Allah shawara nake nema. Hajiyata za ta zo Edinbara, babban birnin Sikotlan, ƙarshen Nuwamba bikin yaye mu, sati ɗaya kawai za ta yi, kuma tun da ta ga hotunan duwatsun nan da tafkuna a wayata take cewa sai na kai ta. Na ga akwai bas ɗin da ke tashi wajen ƙarfe 8 na safe ya bi ta kwarin Glencoe har tafkin Loch Ness ya dawo wajen 8 na dare, direban shi ne mai ba da labari a hanya. Matsalar ita ce tana fama da gwiwa, kuma awa 12 a mota ba wasa ba ne. Ni kaina shekara guda a garin nan ban taɓa wuce Stirling ba, karatu ya hana. Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa min gaskiya, zai yiwu ko wahala zan ja mata? Sannan ya ake yi da sallah da abinci?

Dan_Gilasgo
Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri ƙanwata. Na je sau biyu, ɗaya a Yuni ɗaya a Disamba, kuma wallahi kamar ƙasa biyu daban. Abin da masu tallan ba sa faɗa miki shi ne ƙarshen Nuwamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi, wato duk hanyar dawowa ta A9, da tsaunukan Cairngorms da garin Pitlochry da ake ta yabo, a duhu za ku wuce su, ba abin da za ki gani sai fuskarki a gilashin taga. Ni a Disamba barci na yi tun daga Dalwhinnie har muka iso gadar Forth.

Amma safiyar kam ba a magana. Da kun wuce Callander hanya ta fara hawa, sai ku faɗa Rannoch Moor, wani fili ne fetal ba gida ba bishiyar kirki, ruwa kwance ko'ina, daga nan sai kawai duwatsu su taso muku ta hagu da dama kun shiga Glencoe ke nan. Akwai wasu ƙatti uku a jere da suke kira Three Sisters, nan kowane bas yake tsayawa a ɗauki hoto, kuma daga ƙofar mota zuwa inda ake tsayawa taku kaɗan ne, gwiwar Hajiya ba za ta sha wuya ba. In kun yi sa'a ƙanƙara ta rufe kawunansu, wannan wanda ya je da rani ba ya samu.

Malam_Tarihi
Bari in sa baki kan Glencoe, don in direbanku ya iya labari nan ne zai sa motar ta yi tsit. A watan Fabrairun 1692 sojojin gwamnati, ƙarƙashin wani kwamanda ɗan zuriyar Campbell, suka sauka wajen mutanen zuriyar MacDonald a matsayin baƙi, aka ba su masauki aka ciyar da su wajen kwana 12, sai da asubahin 13 ga wata suka tashi suka karkashe masu masaukinsu, mutum sama da 30, wasu kuma suka gudu cikin ƙanƙara sanyi ya ƙarasa su. Laifinsu wai shugabansu ya makara wajen yin mubaya'a ga William, sarkin Ingila da Sikotlan na lokacin. Har yau abin da ya fi yi wa mutanen wurin ciwo shi ne cin amanar, ka ci tuwon mutum ka kwana a ɗakinsa sannan ka yanka shi. Ki fassara wa Hajiya wannan, za ta gane shi sarai. Sai dai ki shirya kunne, Turancin direbobin nan sai a hankali, ni rabin barkwancinsu dariya kawai nake bi.

Zee_Aberdeen
Ni dai ra'ayina daban ne Yaya Dan_Gilasgo, tsohuwa mai ciwon gwiwa ba tafiyar ƙasa ce ke kayar da ita ba, zaman ne. Sama da kilomita 500 fa zuwa da dawowa, kuma hanyar A82 kwana-kwana ce, mamana jiri ya ɗebe ta tun kafin Fort William sai da muka roƙi wata baturiya ta bar mana kujerar gaba. Ƙananan bas masu kujera 16 sun fi daɗi amma ba banɗaki a ciki, sai an tsaya, yawanci bayan awa ɗaya da rabi ko biyu. Me zai hana ki duba gajeren, wanda ke zuwa tafkin Loch Lomond da yankin Trossachs da fadar Stirling, shi wajen awa 9 ne, akwai tafki akwai duwatsu akwai shanun nan masu gashi har ido da dogon ƙaho, su ne ma na san za su fi burge Hajiya.

Abinci kuwa ki yi guzurinku daga gida ki zuba shayi a filas, a hanya sai dai kifi da soyayyen dankali ko miya da burodi, kuma ki tambaya ko da giya aka kwaɓa fulawar kifin don wasu wuraren haka suke yi. Ki karanta tsarin tafiyar da kyau kafin ki biya, wasu suna tsayawa a masana'antar wiski.

Dan_Gilasgo
Gaskiya ne Zee amma Loch Lomond ba ta kai Glencoe ba ko kusa, wannan kam ba zan janye ba. Loch Ness ce dai in an fasa ba a yi asara sosai ba, tafki ne dogo siriri wajen kilomita 36, zurfinsa ya kai mita 230, ruwan baƙi ƙirin saboda irin ƙasar wurin, shi ya sa zancen wai akwai dodon ruwa a cikinsa ya samu wurin zama, alhali shahararren hoton dodon na 1934 daga baya an gano haɗa shi aka yi da jirgin wasan yara. Jirgin ruwan da ake shiga kuɗinsa daban ba ya cikin tikitin bas, kuma a sanyin Nuwamba ban ga Hajiya a kansa ba. Ben Nevis ma, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Birtaniya, mita 1,345, duk zuwana biyu gajimare ya rufe shi ruf, direba ya nuna hazo ya ce ga shi can.

Sallah kuma sauƙi ne, a garin Fort Augustus da ke bakin Loch Ness ake hutu mafi tsawo, sama da awa ɗaya, gefen ƙofofin ruwan Caledonian Canal, wata hanyar jiragen ruwa da aka haƙa, nan muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a bayan wurin ajiye motoci. Ku fito da alwala, ku sa safa mai kauri, ruwan famfonsu kamar reza.

Ummu_Haneef
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira Hajiya yanzu na karanta mata duka, labarin Malam_Tarihi sai da ta yi salati. Ta ce ita zaman awa 12 ba ya ba ta tsoro, kuma ba za ta zo har nan ta koma ba ta ga inda aka yi wannan ta'asar ba, dodon kuma su riƙe abinsu. Zan nemi ƙaramin bas in tura musu saƙo su ajiye mana kujerar gaba. Yaya Zee akwai maganin jirin da kika ba Mama, ana samu a kemis ba takardar likita?