Wace Hausa za mu yi wa "film incentive"?

1/ Jama'a, a kawo ɗauki. Jiya ƙanena da ke karatu a makarantar koyon fim ta ƙasa a nan Jos ya tarar da ni a teburin mai shayi a Bauchi Road, takarda a hannu, ya ce: "Yaya, me ake ce wa film incentive da Hausa?" Har shayina ya huce ban ba shi amsa ba.

2/ Abin da ake nufi shi ne gwamnati ta ce wa kamfanin fim: zo ka yi aikinka a wurina, ka kama otal, ka ɗauki direbobi da kafintoci da masu dafa abinci, in ka gama ka kawo rasit, zan mayar maka da wani kaso. Jihar Jojiya ta Amurka tun 2008 take ba da kashi 20 cikin ɗari ga wanda ya kashe aƙalla dala 500,000, da ƙarin kashi 10 in ya sa tambarin jihar a fim ɗin. Maroko ma ta ɗaga nata daga 20 zuwa 30 a 2022.

3/ Da farko na ce "tallafi", sai na janye. Tallafi ana ba wanda ƙarfinsa bai kai ba, kamar naira biliyan 3 da gwamnatin Jonathan ta ware wa 'yan fim a 2013. Wannan kuwa mai ƙarfi ake ba, kuma sai ya fara kashe nasa.

4/ "Rangwamen haraji" ya fi kusa, amma yana ɓoye wani abu. Wanda ya ji rangwame zai ɗauka gwamnati ta yafe ɗan abin da za ta karɓa ne kawai. To kamfanin da ya taso daga Kalifoniya ai ba shi da wani harajin kirki a Jojiya da za a rage masa. Takardar rangwamen da jihar ta ba shi yake sayar wa wani attajiri ko kamfanin jihar a ɗan ƙasa da ƙimarta, shi ya karɓi tsabar kuɗi, wancan ya rage harajinsa da ita. Baitulmali ne ya biya, an dai bi ta bayan gida.

5/ Mai shayin, da ashe kunnensa na kanmu, ya ce: "Malam, ai goron gayyata ke nan." Ya yi daɗin faɗi, sai dai goro kafin a zo ake ba da shi. Wani ya ce "gyara", irin wadda mai tumatir ke ƙara maka bayan ciniki. Wannan ta zauna daram, amma ka ce "gyaran fim" a gaban ɗan Kannywood, editansa zai kira maka.

6/ Ni dai na tsaya a kan TUKWICI. Wanda ya kawo maka abu kake ba, bayan ya kawo, gwargwadon abin da ya kawo, kuma daga aljihunka. Duk sharuɗɗan sun cika.

7/ Abin da ya fi ja na shi ne kalmar na tafe da tambayarta: tukwicin bai fi saƙon ba? Atlanta, babban birnin Jojiya, ta cika da wuraren ɗaukar fim, ba musu. Amma binciken da hukumar bin diddigin kuɗin jihar ta sa aka yi a 2023 ya nuna duk dala ɗaya da aka bayar, abin da ke dawowa ta haraji bai kai santi 20 ba. Yawancin aikin na 'yan makonni ne, kuma da maƙwabta sun ƙara nasu sai a naɗe kaya a koma can. Jihar Mishigan ta gwada, ta ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, ta rufe nata a 2015.

8/ Gobe in aka ce Filato za ta yi haka don a zo a ɗauki duwatsun Shere da Riyom, gara tsohuwa a Unguwar Rogo ta ji a rediyo cewa gwamnati za ta ba baƙi tukwici. Nan take za ta ce, me suka kawo?

9/ Na ce wa yaron ya rubuta "tukwicin ɗaukar fim", in ya zo kan na Jojiya ya ce "tukwicin haraji". Mutanen Kano da Sakkwato, in kalmar ta yi muku ƙarama ga dala miliyoyi, ku kawo taku kafin Litinin, ran nan zai miƙa aikin.