Wake ne ke haifar ƙwarinsa da kansa?

Dillalin wake, Kasuwar Dole: Malamai, kun ce darasin farko a ilimin halittu shi ne mai rai daga mai rai yake fitowa. To ga wake: a sheƙe shi tas, a ɗaure bakin buhu, bayan wata biyu duk ya huje, gari na zuba. Ta ina ƙwaron ya shiga? Ni dai na ce zafi da laima ke haifar da shi cikin ƙwayar.

Malamin kimiyyar halittu: Alhaji, ai tare da shi aka zuba. Tun a gona macen ƙwaron ke saka ƙwai a jikin kwanson da ya fara bushewa. Ɗauki ƙwaya ka duba a rana, za ka ga ɗigo fari manne da ita, bai kai milimita 1 ba. Cikin mako guda tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ciki kai tsaye, tana ci ba a ganinta. Kusan wata ɗaya sai ƙwaro ya fito ta ramin nan mai zagaye, macen ta sake zuba ƙwai gommai. Irin gardamar nan aka yi kan tsutsar nama, har wani masanin Italiya, Francesco Redi, ya gwada a 1668: naman da ya rufe da yadi mai raga bai yi tsutsa ba, wanda ƙuda ya sauka a kai ya yi.

Ma'aikaciyar gona: Amma Malam, kada a watsar da maganar zafi. Bai haifarsa, gaggauta girmansa yake, shi ya sa ɓarna ta fi yawa da bazara.

Dillalin wake: To Hajiya, har a buhun PICS, mai hana iska shiga, wani lokaci ƙwaro yana cin wake.

Ma'aikaciyar gona: Sai in iska ta samu hanya, Alhaji. Leda biyu ce a ciki, buhu a waje. A hura kowace leda a ga ko tana da huji, wake ya bushe ƙarau, a matse iska, a ɗaure kowane baki daban. Ƙwaro numfashi yake, iskar ta ƙare ya mutu. Buɗewa kullum don ɗibar tiya ɗaya ke raya shi.

Malamin kimiyyar halittu: A gwada. Kwalba biyu, wake iri ɗaya. A ɗan soya na ɗaya a kasko har ƙwan ya mutu, a rufe bakin kowace da tsumma mai kauri, a ajiye su ɗaki guda, zafi ɗaya, laima ɗaya.

Dillalin wake: Na yarda da gwajin. Mu haɗu nan bayan kwana 40.