Farin dabbare ya ƙi fita daga tankin kifi

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Na sayi tankin gilashi na hannu a nan Sakkwato, mai cin lita 60, amma wani farin dabbare ya kafe daidai inda ruwa ke tsayawa. Na jiƙa shi da ruwan khal, na goge, ya ragu kaɗan kawai. Sabulu da omo na guje su, tunda ragowarsu kan kashe kifi. In kankare da reza, ko za ta karce gilashin?

Wane ruwa zan zuba, na famfo mai kulorin ko na burtsatse? Abin da ya fi damuna zafin Afrilu, da ke haura digiri 40: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, in an ɗauke wuta kuma injin da ke hura iska cikin ruwan ya tsaya. Wane kifi ke jure haka? Don Allah a taimaka.