Kwamfutocin Makarantu: A Tara Su a Gari Ko a Kai Ƙauyuka?

Firinsifal, makarantar cikin gari: Assalamu alaikum. Maganar da ba mu ƙarasa ba a taron jiya, ina nan a kan bakana. Kwamfutocin da za a kawo wa ƙaramar hukumarmu, a tara su a hedikwata, inda akwai wuta, akwai maigadi, akwai malamin da ya iya. A yi jadawali, kowace makaranta ta riƙa kawo ɗalibanta. In aka raba su uku-uku, kowa ya samu, amma ba wanda ya amfana.

Malamar lissafi, makarantar ƙauye: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Wa zai biya kuɗin mota? Da damina sai mun tuɓe takalma mun haye rafi kafin mu ga ɗan acaɓa. Kuma ka san iyayen nan, ba za su bar budurwa 'yar aji shida ta wuni a gari ba. Jadawalin zai tsaya a takarda, yaran gari su riƙa shiga kullum.

Bara ni na raka ɗalibaina cibiyar JAMB. Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a ajina ta fito tana share hawaye da gefen hijabi. Ranar ta fara zama gaban kwamfuta. Tambayoyi 180 a awa biyu, ita kuwa tana tsoron taɓa madannai kada ta ɓata wani abu. Ba ta san madannin N ne ke kai mutum tambaya ta gaba ba, sai da mai sa ido ya lura ya nuna mata. Lissafin ta iya shi, wallahi ta iya. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, har yau muna tura yara ba su taɓa ganin allonta a kunne ba.

Firinsifal: Malama, abin ya taɓa ni, Allah ya sani. Amma ɗakin da za ki ajiye su fa? Ajinku ko ƙyaure babu.

Tsohon sufeton makarantu: Ku bar ni in sa baki, 'ya'yana. A 2007 an kai wa yaran firamaren Galadima a Abuja ƙananan kwamfutoci masu launin kore da fari, kowane yaro da tasa. A 2013 jihar Osun ta raba wa 'yan sakandare kwamfutocin hannu na karatu da ake kira Opon Imo. Duka an yi biki, an ɗauki hotuna. Ni da idona na shiga makarantu na tarar da kwali ko buɗe shi ba a yi ba, an kulle a sito, shugaban makaranta na tsoron a sace a cire daga albashinsa. Firinsifal yana da gaskiya a nan: na'ura ba wuta, ba mai gyara, ta zama kayan kallo.

Mai haɗa sola: Baba, da girmanka, zamani ya ɗan sauya. Laftof ba ta cin wuta kamar manyan kwamfutocin da. Faranti kaɗan da batir da inbata sun isa su riƙe aji guda. Wutar garin ma da ake taƙama da ita, awa nawa take yi a rana? Abin da ke kashe su ƙura ne da zafi, sai rashin wanda zai goge farantin lokacin hunturu.

Malamar lissafi: Yawwa. Kuma ba dole sai da intanet ba. Manhajar karatu ta Nigeria Learning Passport da aka ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF tana da tsarin aiki inda babu sabis. Ni ban ce a raba uku-uku ba. Cewa na yi a fara da waɗanda ba su da komai. Yaron gari yana da shagon kwamfuta a bakin kasuwa, yana da wayar yayansa. Namu fa?

Shugaban ƙungiyar iyaye: Malama ta faɗi abin da ke raina. WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu zaman kansu a 2024, a 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ce WAEC da NECO duk kwamfuta za su koma. Da JAMB ce kaɗai, sai mu ce ai ba kowa ke neman jami'a ba. Yanzu takardar kammala sakandare ce kanta. Maganar ƙyaure kuma, ranka ya daɗe, mu iyaye mun ɗauka. Mu muka yi wa ajin nan rufin kwano da kuɗin gyaɗarmu, ƙofar ƙarfe da kwaɗo ba za su gagare mu ba. Maigadi ma mai unguwa zai ba mu.

Firinsifal: Alhaji, in har za ku sa hannu a takarda cewa tsaro na wuyanku, na sassauto: rabi a hedikwata, rabi a kasa wa manyan makarantun ƙauye biyu, na kusa da su su riƙa zuwa a ƙafa. Saura malami. Nawa guda ɗaya ne, ba zan iya raba shi uku ba.

Malamar lissafi: A turo shi ya koya mana a hutun nan, ni ce ta farko a layi. Amma rabi ya yi wa gari yawa, ranka ya daɗe. A kawo rajistar 'yan aji shida na kowace makaranta ranar Litinin, mu ƙirga kawuna tukuna.